Yadda Ake Tsare Amanar Yara a Makarantar Firamare

An kaɗa ƙararrawar tashi, yara sun watse, sai wata yarinya 'yar aji uku ta tsaya tana ta gyaran jakar da tuni ta gama gyarawa. Ta zuge, ta buɗe, ta sake zugewa. Da ta ga ajin ya rage daga ita sai malamarta, ta matso gefen tebur, kanta a sunkuye, ta ce, "Malama, in faɗa miki wata magana? Amma don Allah kada ki faɗa wa kowa."

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare ya san irin wannan tsayuwa. Yaro kan yi makonni, wani lokaci watanni, yana juya magana a cikinsa kafin ya samu ƙarfin furta ta. In ya ga an razana, ko an daka masa tsawa, ko an share shi, da wuya ya ƙara. Don haka amsar da malamar nan za ta bayar, da inda za ta kai maganar kafin rana ta faɗi, dole ne a ce an shirya su tun ana zaune lafiya.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 19 ya wajabta kare shi daga cutarwa yayin da yake hannun iyayensa ko hannun duk wani mai kula da shi. Daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi, wannan mai kulawar mu ne. Cutarwar kuma iri huɗu ce: duka da sauran cutar da jiki, lalata, azabtar da zuciya ta hanyar zagi da wulaƙanci da tsoratarwa, sai kuma sakaci.

A fara da mutum ɗaya da kowa ya san sunansa

Aikin da aka ce na kowa ne, sau da yawa ba mai yin sa. Shugaban makaranta ya zaɓi malami ɗaya ya ɗora masa alhakin kare yara, ya ba shi mataimaki, zai fi kyau ɗaya namiji ɗaya mace. A zaɓi wanda yara ba sa gudunsa, mai riƙe sirri, wanda kuma zai iya kallon shugaban ido da ido ya ce masa an yi kuskure. A rage masa darussa kaɗan, don aikin yana cin lokaci. A manna hotunansu da sunayensu a bakin ƙofa da cikin kowane aji, a tsayin idon yaro.

Tun a makon farko jami'in nan ya rubuta lambobin wayar ofishin kula da walwalar yara, da na 'yan sanda, da na asibiti mafi kusa, da layin taimakon yara in akwai shi a ƙasar. Ya taka da ƙafarsa ya je ya gabatar da kansa. Ranar da abu ya faru, kiran wanda ka riga ka sani ya fi sauri.

Sai a rubuta ƙa'ida. Shafi biyu ya isa, cikin harshen da kowa yake ji. A karanta ta a gaban duk ma'aikata, kowa ya sa hannu, har da maigadi, direba, mai shara da mai dafa abinci. Kada a raina waɗannan. Mai shara ce take ganin wando mai jini da aka cusa bayan banɗaki, maigadi ne ya san motar da ke yawan tsayawa nesa da ƙofa.

Wanda za a ba aiki

A watan Agusta na 2002, a garin Soham na Ingila, wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10. Binciken da Sir Michael Bichard ya jagoranta, wanda aka fitar a 2004, ya nuna cewa an sha kai ƙorafin lalata a kan mutumin nan a wani yanki na ƙasar, amma bayanin bai iso ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Kowa ya riƙe guntun abin da ya sani, aka ba kura ajiyar nama.

Kafin a ba kowa aiki, a ga shaidar ko shi wane ne da takardun karatunsa na asali. A bi tarihin aikinsa shekara da shekara, in an ga giɓi a tambaye shi inda yake a lokacin. A nemi shaida daga wurare biyu, ɗaya ya zama inda ya bari na ƙarshe. Wasiƙar yabo da mutum ya kawo da hannunsa ba ta isa ba. Nemo lambar makarantar da kanka, ka kira shugabanta, ka yi masa tambayoyi biyu kai tsaye: "An taɓa yin ƙorafi a kan mu'amalarsa da yara?" da kuma "Za ka sake ɗaukarsa?" Saurari amsar, ka kuma saurari jinkirin da ya zo kafin ta. Inda ake bayar da takardar binciken 'yan sanda, a nema. Amma a tuna, takardar tana nuna wanda aka taɓa kamawa ne kawai.

Wannan ƙa'ida ta hau kan ɗan'uwan mai makaranta da ɗalibin koyon aikin malanta da mai aikin sa kai. Magini ko mai gyaran wuta kuwa, ya rubuta sunansa a littafin baƙi, a haɗa shi da ɗan rakiya muddin yara suna nan.

A zagaya makarantar da idon yaro

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanya mafi sauƙi ta gano tsagar ita ce a tambayi yaran. Zana taswirar makarantar a babbar takarda, ka ba 'yan aji huɗu zuwa shida alƙalami ja da kore, ka ce su sa kore inda suke sakewa, ja inda gabansu ke faɗuwa. Za ka sha mamaki. Jan yakan taru a banɗaki, da bayan ajin ƙarshe, da ɗakin ajiya, da lungun da ke tsakanin katanga da gini. Inda jan ya yi yawa a sa malami mai tsaro lokacin hutu, ko a rufe wurin. Banɗakin mata daban, na maza daban, na manya daban, ƙofa mai sakata. Akwai yaran da ke ƙin shan ruwa wuni guda don kada su shiga banɗaki, saboda abin da manyan ɗalibai ke yi musu a can.

Ƙofar shiga ta zama ɗaya. A rubuta sunayen waɗanda iyaye suka amince su ɗauki yaro. In wani ya zo ya ce, "Ni kawunta ne, babanta ne ya aiko ni," a zaunar da shi da mutunci, a kira iyayen ta lambar da ke cikin rajista, kada a yi amfani da wadda shi ya bayar. A kira suna da safe, a sake kira bayan hutu. Yaron da bai zo ba kuma ba a aiko da dalili ba, a tuntuɓi gidansu a safiyar nan, domin yana iya yiwuwa su a gida sun ɗauka yana aji.

A wannan zagayen a duba hanyar tsira daga gobara. A watan Yuli na 2004, yara 94 suka mutu a gobarar wata makaranta a Kumbakonam ta ƙasar Indiya, inda wuta ta tashi daga wurin girki ta kama rufin, matattakala kuma ta yi wa yara ƙunci. Kada a garƙame ƙofar fita da kwaɗo ana cikin karatu. A yi atisaye kowane zangon karatu, a fita da rajista a hannu, a kira suna a wurin taruwa. Kowane malami ya san masu asma da farfaɗiya da sikila a ajinsa. Yaron da farfaɗiya ta kama, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe in jijjigar ta lafa, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Iyaka tsakanin babba da yaro

Mai lalata da yara da wuya ya zama baƙo. Yawanci wanda yaron ya sani ne, ya kuma amince da shi. Ba ya farawa da taɓawa. Yakan zaɓi yaron da ya ga yana da ƙishin kulawa, ya riƙa yi masa kyauta, ya riƙa cewa "kai na musamman ne", ya shiga jikin iyayen har su riƙa gode masa, ya saba wa yaron da ƙananan sirrika, sannan ya nemi keɓewa. Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai, kamar kirki ne. Shi ya sa ake gindaya iyakar da ta hau kan kowa, don kada sai an tsaya tantance zuciyar mutum.

Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki rufe. In magana ta sirri ce, a bar ƙofa a buɗe ko a zauna inda ake hangowa. Ba a aiken ɗalibi gidan malami. Ba a ɗaukar yaro shi kaɗai a mota ko babur sai da sanin iyaye da shugaba. Ba a yi wa yaro ɗaya kyauta a ɓoye. Malami ba ya hira da ɗalibi ta WhatsApp ko Facebook, ba ya ajiye hotunan yara a wayarsa. In ƙaramin yaro ya ɓata jikinsa, mai taimaka masa ya sanar da wani babba. Wanda ya ga abokin aikinsa yana tsallake iyaka, ko da ƙanƙanin abu ne, ya faɗa wa jami'in. Malamin kirki ma yana amfana, domin iyakar nan tana kare shi daga zargi.

Sai batun bulala, wanda na san za a yi mini gardama a kai. Ra'ayina shi ne a fitar da ita daga aji gaba ɗaya. Sashe na 28 na yarjejeniyar ya ce horon makaranta ya dace da mutuncin yaro. Suwidin ce ta fara haramta dukan yara ko'ina, har a gida, a 1979, kuma fiye da ƙasashe 60 sun bi sahu. Amma dalilina ya fi doka kusa: yaron da ka zane da safe ba zai zo maka da sirrinsa da rana ba. Ga sauran hanyoyi: a hana shi wani gata na ɗan lokaci, a sa shi gyara abin da ya ɓata, a zauna da iyayensa. Laƙabin "daƙiƙi" da sa aji su yi wa yaro ihu, su ma duka ne, tabonsu ne kawai ba a gani. Kada kuma a ba monita ikon hukunta 'yan'uwansa.

Su ma yaran a koya musu, cikin kalmomi masu sauƙi: jikinka naka ne, wuraren da kamfai ke rufewa ba mai gani ba mai taɓawa, kana da ikon cewa a'a ko da ga babba ne, duk sirrin da ke sa gabanka faɗuwa a faɗe shi. Kowane yaro ya zana tafin hannunsa, ya rubuta sunan babba guda da ya yarda da shi a kan kowane yatsa. Lura da wanda ya kasa cike biyar ɗin.

Abin da ido zai lura da shi

Yaro mai wasa ba ya rabuwa da ƙujewa a gwiwa, ƙwauri, gwiwar hannu da goshi. Abin da ke tayar da hankali shi ne rauni a kunne, wuya, kunci, ciki, baya, ɗuwawu ko cikin cinya, ko tabo mai siffar abin da aka yi dukan da shi, kamar shatin waya ko yatsu, ko ƙuna mai zagaye, ko bayanin da ke sauyawa duk lokacin da aka tambaya. Sauyin hali ma magana ce: mai surutu ya koma shiru, mai ƙoƙari ya fara faɗuwa, yaro ya fara fitsari a wando bayan ya daɗe da dainawa, ya riƙa kāre kansa in an ɗaga hannu, ya ƙi tafiya gida, ko ya san zancen manya da ya fi ƙarfin shekarunsa. Yunwa kullum, barci a aji, ciwon da ba a kai shi asibiti ba, alamun sakaci ne, ko da yake talauci daban sakaci daban, kuma gida mai fama da rashi taimako yake buƙata.

A ƙara sa ido kan yara masu buƙata ta musamman. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 2012 ya nuna cewa haɗarin cin zarafinsu ya kusa ninka na sauran yara sau huɗu. Kurma ko mai wahalar magana, wa zai faɗa wa, in babu mai jin yarensa?

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Amma a rubuta ta a miƙa. Malamin lissafi ya ga abu, mai shara ta ga wani, maigadi ya ga na uku, sai sun haɗu a hannun mutum ɗaya hoton yake fitowa.

Idan yaro ya buɗe baki

Mu koma ga yarinyar nan da ke tsaye a gefen tebur. Abu na farko, ajiye abin da ke hannunki, ki zauna daidai tsayinta. Kada ki yi mata alkawarin rufe maganar, domin za ki karya shi, ta kuma daina yarda da manya. Ki ce, "Ina jin ki. In abin da za ki faɗa ya nuna ana cutar da ke, dole in faɗa wa wanda zai taimaka, amma shi kaɗai, kuma zan gaya miki ko wane ne." Tana iya fasawa. Kada ki matsa, ki ce ƙofarki a buɗe take, sannan ki sanar da jami'in abin da ya faru.

In ta ci gaba, ki riƙe fuskarki. Salati da ƙarfi, kuka, ko tsine wa wanda ta ambata, duk suna sa yaro ya ga kamar ya jawo bala'i, musamman in mutumin na gida ne kuma tana ƙaunarsa. Bar ta ta yi magana da kalmominta. In ta yi shiru, ki jira. Tambayarki kada ta wuce "Sai me ya faru?" ko "Faɗa mini yadda abin ya kasance." Kada ki sa mata suna a baki da irin "Kawunki ne ya taɓa ki, ko?" domin irin wannan tambaya tana iya rusa shari'a daga baya. Kada ki ce "Me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?" ko "Me ya kai ki ɗakinsa?" A kunnen yaro waɗannan tuhuma ce. Abin da take buƙatar ji gajere ne: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa."

Kada ki tuɓe ta don duba rauni, kada ki ɗauki hoto. Kada ki kira wani malami ki ce ta maimaita, kada kuma ki haɗa ta da wanda ta ambata don a ji ta bakin kowa. Ke ba mai bincike ba ce.

Da zarar kun rabu, rubuta komai kafin ki yi magana da kowa: rana, lokaci, wuri, wanda yake nan, tambayar da kika yi, da kalmominta kamar yadda ta furta su, ko da kalmar yara ce ta kira gaɓar jikinta da ita. Abin da kika gani daban, abin da kike zato daban. Rauni da ke bayyane a nuna shi a zanen siffar jiki. Sa hannu, ki miƙa wa jami'in hannu da hannu a ranar, kafin yarinyar ta bar makaranta. Takardar ta shiga akwati mai makulli, kada ta shiga fayil ɗin karatunta, maganar kuma kada ta shiga ɗakin malamai.

Inda maganar za ta je

Jami'in ya fara da tambaya ɗaya: in yarinyar ta koma gida yau, tana cikin haɗari? In eh, a kira hukumar walwalar yara ko 'yan sanda nan take. In fyaɗe ne, asibiti ba ya jira. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana kuma shan sa kwana 28. In abin bai daɗe da faruwa ba, kada a sa ta wanka ko a wanke tufafin kafin ma'aikatan lafiya su gan ta. Iyaye suna da haƙƙin sani da wuri, sai dai in wanda ake zargi yana cikin gidan, ko sanar da su zai ƙara jefa ta cikin haɗari. A nan hukuma ce za ta ce ga yadda za a yi.

In wanda ake zargi ma'aikaci ne, a raba shi da yara a ranar, ba tare da an yanke masa hukunci ba, har hukuma ta gama bincike. In shugaban makarantar ne da kansa, a tsallake shi zuwa shugaban kwamitin gudanarwa ko hukumar ilimi, kuma wannan hanya ta kasance a rubuce cikin ƙa'ida tun farko.

A nan ne makarantu da yawa suke faɗuwa. Za a zo a ce a rufa asiri, sunan makaranta zai ɓaci, mutumin yana da iyali, yarinyar ma za a riƙa nuna ta. Sai a sallame shi a asirce, har da wasiƙar yabo, ya koma wata makarantar inda wasu yaran suke jiransa. Asirin da ya wajaba a rufa na yarinyar ne: sunanta kada ya fita. Laifin kuwa na hukuma ne, makaranta ba ta da hurumin yin sulhu a kansa. In ka kai rahoto aka yi shiru, sake kira, ka rubuta ranar da sunan wanda ya amsa, ka tafi gaba da shi in ta kama.

Ranar da yarinyar ta dawo aji, a bar ta a kujerarta, a kira sunanta a rajista kamar kowa, a ba ta aikinta. Kada a riƙa kallonta da tausayin da zai sa 'yan ajin su fara tambaya. A nuna mata babba guda da za ta iya zuwa wurinsa in abin ya taso mata, a kuma yarje mata fita ba tare da dogon bayani ba. Karatunta na iya ja baya na wani lokaci, tana iya yin fushi ba dalili, tana ma iya cewa ƙarya ta yi, musamman in ana matsa mata a gida. In ta janye maganar, a rubuta wannan ma da kalmominta, a miƙa wa jami'in, a bar fayil ɗin a buɗe.